Darasi: Haƙƙin Mai Gida Idan Ƙungiyar Unguwa Ta Tashi Sauya Dokokinta

A gabashin birnin Tucson da ke jihar Arizona a Amurka akwai wani ɗan rukunin filaye mai suna Calabria Ranch. Filaye biyar ne kacal. Huɗu daga cikinsu babu wanda ya kai eka 7, na biyar ɗin kuwa ya doshi eka 23. Takardar sharuɗɗan zama da aka yi wa wurin rajista a 2015 ta ce ana iya yi mata gyara a kowane lokaci, matuƙar masu rinjaye sun amince. A 2018 masu ƙananan filayen suka haɗa baki suka yi gyaran, ba da sanin mai babban filin ba. Bawan Allah ya wayi gari ya tarar an taƙaita dabbobin da za a kiwata zuwa kaji da dawakai da shanu, an sa musu iyakar adadi komai faɗin filin mutum, an ƙayyade girman rumfuna da sauran gine-ginen da ba na kwana ba, sannan duk mai son yin gini sai ya kawo taswirarsa maƙwabta sun amince tukuna.

Ya garzaya kotu. Maƙwabtan suka ce ai ga shi nan a rubuce, masu rinjaye na da ikon gyara, su ne kuma masu rinjayen. Shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙolin jihar, wadda a watan Maris na 2022 ta bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, tana soke duk wanda mai saye ba zai iya hango shi ba ranar da ya biya kuɗin filinsa. Kotun ta ce izinin yin gyara bai isa ya zama hujjar ɗora wa mutum sabon nauyi da asalin takardar ba ta ko yi ishara da shi ba.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka Hausawa suka ce. Darasin nan yana duba inda ikon sarkin yawa ya tsaya idan magana ta zo kan gidan da mutum ya saya da guminsa.

Ƙungiyar da ba a neman shigarta

A yawancin sababbin unguwannin Amurka, da benaye masu ɗakunan da kowa ya mallaki nasa, wanda ya sayi gida ya zama ɗan ƙungiyar masu gidaje ke nan, ko yana so ko ba ya so. Amurkawa na taƙaita sunan irin wannan ƙungiya da HOA. Ƙididdigar cibiyar Community Associations Institute, wadda aka kafa a 1973, ta nuna cewa a 1970 ƙungiyoyin ba su wuce kimanin 10,000 ba. Yau sun haura 350,000, mutanen da ke zaune ƙarƙashinsu kuma sun zarce miliyan 70. Ɗaya daga cikin dalilan yaɗuwarsu shi ne ƙananan hukumomi sun ga sauƙi: a bar wa kamfanin da ya gina unguwa, daga baya mazauna, ɗawainiyar tituna da magudanan ruwa da fitilu, hukuma kuma ta ci gaba da karɓar harajinta.

Kamfanin ginin ne ke rubuta takardar sharuɗɗan tun kafin a sayar da gida na farko, ya kai ta ofishin rajistar filaye na gunduma. Daga ranar sharuɗɗan sun manne da ƙasar. Duk wanda gidan ya faɗa hannunsa, ta hanyar saye ko gado ko kyauta, sun hau kansa, ko ya karanta ko bai karanta ba. A ciki ake samun abin da kowane gida zai riƙa biya, da launin fentin da aka yarda da shi, da batun haya, da kiwon kare ko kyanwa, da ikon ƙungiya na cin tara. Hausawa da sauran 'yan Afirka da ke sayen gidaje a biranen irin su Houston da Atlanta suna cin karo da wannan takarda a cikin tulin da ake miƙo musu ranar sa hannu, ranar da hankalin kowa ke kan mabuɗi.

Takardun hawa-hawa ne, kuma sanin hawan shi ne matakin farko na kare kai. Dokar tarayya da ta jiha ne a sama. Sai takardar sharuɗɗan da aka yi wa rajista. Ƙarƙashinta akwai takardar kafa ƙungiyar a matsayin kamfani, sai kundin gudanarwa da ke fayyace zaɓe da taro da ikon shugabanni. Can ƙasa kuma ƙananan ƙa'idoji ne da kwamitin gudanarwa ke kafawa da kansa, irin su lokacin rufe wurin ninƙaya ko inda baƙo zai ajiye mota. Dokar Kalifoniya mai suna Davis-Stirling, wadda aka kafa a 1985, ta rubuta wannan jeri ƙarara: idan biyu suka ci karo, na sama ne ke aiki. Shi ya sa mai gida mai lura, da ya ga sabuwar doka, tambayarsa ta farko ita ce a wane hawa aka sa ta. Ba sabon abu ba ne kwamiti na mutum biyar ya shigo da hana haya ko hana kiwo ta ƙofar ƙananan ƙa'idoji, don gudun ƙuri'ar jama'a da gyaran babbar takarda ke buƙata.

Gyara ba laifi ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka duk mai neman gyara mugu ne. Akwai takardun da aka rubuta shekara 50 da suka wuce, kafin a san farantin hasken rana a kan rufi, ko motar da ake yi wa caji, ko hayar kwana biyu ta Airbnb. Wasu ma har yanzu suna ɗauke da tsofaffin sharuɗɗan da suka hana sayar wa baƙar fata ko Bayahude gida. Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta irin waɗannan tun 1948, dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta su, amma rubutun na nan a wasu ofisoshin rajista. Kalifoniya ta wajabta wa kwamiti ya goge su ba sai ya jira ƙuri'a ba.

Wani lokacin kuma jinkiri ne ke kisa. A ranar 24 ga Yuni, 2021, bene mai hawa 12 da ake kira Champlain Towers South ya rufta a garin Surfside na Fulorida, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa ginin ya samu babbar illa. An shafe shekaru ana ja-in-ja kan kuɗin gyara, sai a watanni kaɗan kafin ruftawar aka tsayar da karo-karon kusan dala miliyan 15. A 2022 majalisar jihar ta wajabta binciken tsofaffin benaye, ta kuma hana mazauna kaɗa ƙuri'ar yafe wa kansu tara kuɗin ajiya na gyaran ginshiƙai da rufi. Mai gidan da ke cewa a'a ga kowane gyara don kawai zai taɓa aljihunsa, shi ma cutar da maƙwabta yake yi.

Ƙuri'a nawa, cikin mutum nawa?

Kowace takarda tana da sakin layin da ya faɗi yadda za a gyara ta. Yawanci yana can wajen ƙarshe, inda mai karatu ya riga ya gaji, amma shi ne mabuɗin sauran duka. Dokar samfuri da masana shari'a suka tsara wa jihohi a 1982, wadda jihohi da dama suka ɗauka, ta sa kashi 67 cikin ɗari na dukkan ƙuri'u. Tekzas ma kashi 67 ta tsayar, Fulorida kuma biyu bisa uku idan takardar benen ba ta faɗi nata ba. Akwai abubuwan da wannan rinjayen ma bai isa ya taɓa ba. A dokar samfurin, sauya iyakar ɗakin mutum ko kason da yake biya cikin kuɗin hidima yana buƙatar amincewar kowa da kowa. Wasu takardun ma sun ce sai an nemi yardar bankunan da suka ba da rancen sayen gidajen.

A nan ne lissafi ke shigowa, kuma ya kamata ɗalibi ya ɗauki biro. A ɗauka unguwa ce mai gida 120. Idan takarda ta ce kashi 67 na dukkan masu gidaje, sai an samu gida 81 sun ce e, kuma wanda ya zauna a gida bai jefa ƙuri'a ba kamar ya ce a'a ne. To a ce kwamiti ya gaji da neman 81 ɗin nan, ya kawo gyara cewa daga yanzu rinjayen waɗanda suka halarci taro ya isa, taro kuma ya zauna idan kashi 20 cikin ɗari sun zo. Kashi 20 na 120 gida 24 ne. Rinjayen 24 kuwa 13 ne. Daga ranar, gida 13 za su iya yanke wa 120 hukunci a wani taro na ranar Talata da yamma, lokacin da rabin unguwa ke wurin aiki.

Kwamitocin suna da uzurinsu, kuma ba ƙarya suke yi ba: mutane ba sa zuwa taro, ba sa mayar da takardar ƙuri'a, ana shekara ana bin su ƙofa-ƙofa. Kalifoniya ta samo mafita ta tsakiya. Idan fiye da rabin dukkan masu ƙuri'a sun amince amma ba a kai babban kason da takarda ta nema ba, ƙungiya na iya roƙon kotu ta sassauta kason don wannan gyaran kaɗai. Alƙali zai duba ko an sanar da kowa, ko an yi ƙoƙarin isa ga kowa, ko gyaran na da ma'ana, masu adawa kuma su zo su faɗi nasu. Hanya ce mai ɗan tsawo, sai dai ta fi a rage kason har abada.

Wanda ya riga ya saya fa?

Wannan ce tambayar da ta raba kotunan Amurka gida biyu.

A garin Clearwater na Fulorida akwai rukunin Woodside Village, inda wasu suka sayi ɗakuna tun shekaru da dama suna ba da haya. A 1997 mazauna suka gyara takarda: ba a ba da hayar ɗaki fiye da wata 9 cikin kowane wata 12. Ga mai zaman kansa a gidansa wannan ba komai ba ne, ga wanda ya zuba jarinsa don haya kuwa an karya masa kasuwa. A 2002 Kotun Ƙolin jihar ta goyi bayan ƙungiya. Ta ce masu sayen sun san tun farko cewa takardar tana gyaruwa, don haka sun sayi gidan ne da wannan haɗarin. Ɗaya daga cikin alƙalan, duk da ta amince da hukuncin, ta yi kira ga majalisa da ta duba lamarin. Majalisa ta ji. A 2004 ta yi dokar cewa sabon takunkumi kan haya a benaye yana hawa ne kan wanda ya amince da shi da wanda ya saya daga baya kawai. A 2021 aka faɗaɗa irin wannan kariya zuwa unguwannin gidaje, tare da barin ƙofar taƙaita gajeriyar haya.

Kalifoniya ta bi kusan sawu ɗaya. A 1994 Kotun Ƙolinta ta yanke hukunci kan wata mata da ke kiwon kyanwa uku a cikin ɗakinta a Lakeside Village, rukuni mai ɗaki 530 a Culver City, inda takarda ta hana kiwon kare da kyanwa. Matar ta ce kyanwoyinta ba sa fita, ba sa damun kowa. Kotu ta ce ba a auna sharaɗin da aka yi wa rajista da halin mutum ɗaya, ana ɗaukarsa daidai ne sai an nuna ya saɓa wa hankali ko doka. A 2004, a shari'ar Villa De Las Palmas, ta ƙara da cewa sharaɗin da aka shigar ta hanyar gyara yana hawa kan tsofaffin masu gida kamar yadda yake hawa kan sababbi. Nan ma majalisa ce ta sassauta: duk takardar da aka rubuta ko aka gyara daga 1 ga Janairu, 2001 ba ta iya hana mai gida kiwon dabba aƙalla ɗaya, kuma daga 2012 sabon hanin haya ba ya kama wanda ya riga ya mallaki gidansa.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai jihar Karolina ta Arewa. A unguwar Ledges mai filaye 49, wadda aka kafa a 1988, abin da aka ɗora wa masu saye shi ne su haɗa kuɗin wutar fitilar da ke haska allon sunan unguwar a bakin hanya, kimanin dala 7 a shekara kowane fili. A 2003 masu rinjaye suka gyara takarda ta ba ƙungiya ikon sa kuɗi kusan kan duk abin da ta ga zai amfani mazauna, da ikon ɗora bashin a kan gidan wanda ya ƙi biya. A 2006 Kotun Ƙolin jihar ta rushe gyaran. Ta ce dole gyara ya dace da abin da masu saye suka ƙulla tun asali. Kotun Ƙolin jihar Washinton ta faɗi makamancin haka a 2014, lokacin da wata unguwar shaƙatawa mai suna Chiwawa ta hana hayar ƙasa da kwana 30 alhali tsofaffin sharuɗɗanta ba su hana ba. Hukuncin Arizona na 2022 a wannan layi ya tsaya.

Duk wanda ya taɓa shiga adashi zai gane bambancin. 'Yan adashi na iya haɗuwa su mayar da ranar zubi daga Juma'a zuwa Asabar, wanda bai so ba ya haƙura. Amma a tsakiyar zagaye, bayan wasu sun kwashi nasu, masu rinjaye ba su isa su ninka zubi su ce wa saura dole ba. A ra'ayin mai wannan darasi, kotunan Karolina da Arizona sun fi kusa da adalci. Cewa mutum ya san takarda tana gyaruwa gaskiya ne, amma idan aka ja wannan hujja har ƙarshenta, babu abin da ya rage na alƙawarin farko. Sai dai ra'ayi ba ya cin shari'a. Mai gida dokar jiharsa zai nema, don abin da ya ceci mutum a Tucson ba lalle ya cece shi a wata jihar ba.

Abin da rinjaye bai isa ya taɓa ba

Ko da kowa ya ɗaga hannu, akwai shingen da dokar tarayya ta kafa. Dokar 1968 ta haramta wariya a harkar gidaje saboda launi ko addini ko asali, aka ƙara jinsi a 1974, sannan a 1988 aka ƙara naƙasa da iyalai masu yara. Tun 1996 hukumar sadarwa ta tarayya ta hana ƙungiyoyi haramta farantin tauraron ɗan'adam da bai wuce faɗin mita ɗaya ba a wurin da yake na mai gida shi kaɗai. Wata dokar da aka sa wa hannu a 2006 ta kare kafa tutar ƙasa.

Labarin Shoreline Towers na birnin Shikago ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga Musulmi da ke zaune cikin waɗanda ba addininsu ɗaya ba. A 2001 ƙungiyar benen ta yi ƙa'idar hana ajiye tabarmar ƙofa da takalma da kowane irin kaya a wajen ƙofofin ɗakuna. Wata Bayahudiya ce ma ta shugabanci kwamitin da ya rubuta ƙa'idar, kuma ba wanda ya kawo a ransa cewa ta shafi ɗan ƙaramin akwatin nan mai ayoyin Attaura da Yahudawa ke kafawa a gefen ƙofa. A 2004, bayan an yi wa barandun fenti, shugabanni suka ce ai "kowane irin kaya" ya haɗa da shi. Aka yi ta cire na ƙofar matar tana mayarwa, har a kwanakin zaman makokin mijinta. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce iyalin suna da damar kai ƙarar wariya gaban shari'a. Jihar Illinois ta yi dokar kare alamun addini a ƙofa, Tekzas da Kalifoniya da wasu suka bi baya. Ba a sauya ko harafi ɗaya na ƙa'idar ba, fassara ce ta sauya. Shi ya sa idan daftarin gyara ya zo da kalmomi masu faɗi irin su "duk abin da kwamiti ya ga bai dace ba", lokacin neman a taƙaita su shi ne kafin ƙuri'a.

Ambulan biyu da jan layi

Galibin kariyar da mai gida ke da ita tana cikin tsarin da dole a bi. A Fulorida, daftarin gyaran takardar bene dole ya kawo cikakken sakin layin da za a taɓa, a ja layi ƙarƙashin sababbin kalmomi, a soke waɗanda za a cire yadda za a iya karanta su. Mai gida na zaune a falonsa zai ga abin da ya fita da abin da ya shigo. Amma dokar ta bar wata kafa: idan gyaran ya yi yawa, ana iya rubuta gargaɗi kawai cewa an sake fasalin sashen sosai, a duba tsohon rubutu. A irin wannan sabon kundi mai shafi 60 ko 80, wanda ake cewa an sabunta shi ne don ya dace da zamani, abubuwa ke ɓuya. Maganin ba wuya. A nemi kwamiti ko lauyansa a rubuce ya kawo kwafin da ke nuna bambanci, in ya ƙi, maƙwabta huɗu ko biyar su raba shafukan a tsakaninsu su gwada tsoho da sabo. A tuna kuma lauyan ƙungiya na ƙungiya ne, ko da kuɗin mazauna ake biyansa.

A Kalifoniya ƙuri'ar gyara ta sirri ce. Idan ta takarda ce, ana aika wa kowa aƙalla kwana 30 kafin ranar rufewa, tare da ambulan biyu. Mai gida ya yi alama a takardar ƙuri'a ba tare da suna ba, ya sa a ƙaramin ambulan ya liƙe, ya sa wannan a cikin babba, ya rubuta sunansa da adireshinsa a bayan babban ya sa hannu. Mai duba zaɓe, wanda ba ɗan kwamiti ba ne, shi ke karɓa, a kuma buɗe a ƙirga a bainar jama'a. Hikimar a fili take: wanda ke jin nauyin shugaban da ke zaune gida biyu tsakaninsu zai iya cewa a'a ba tare da an daina gaisawa ba.

Ƙananan ƙa'idoji ma ba a bar su sakaka ba a jihar. Kwamiti sai ya ba da sanarwar kwana 28 da rubutun ƙa'idar da dalilinta, ya saurari mutane a taro kafin ya yanke. Bayan ya yanke, masu kashi 5 cikin ɗari na gidaje na iya neman a kaɗa ƙuri'ar soke ta cikin kwana 30, kuma idan aka soke ba a dawo da ita sai bayan shekara. A unguwa mai gida 120, sa hannun mutum 6 ke nan.

Gyaran babbar takarda ba ya aiki sai an kai shi ofishin rajista, kuma daga ranar lokaci ya fara ƙurewa. A jihohin da suka ɗauki dokar samfurin 1982, mai ƙalubalantar ingancin gyara shekara ɗaya gare shi. Wanda ya ce bari ya ga ko za a taɓa shi tukuna yana iya farkawa ƙofa ta rufe.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne daina biyan kuɗin wata saboda fushi. Ƙungiya na da ikon ɗora bashin a kan gida, a jihohi da yawa har ta yi gwanjonsa. A 2001 wata dattijuwa mai shekara 82 a Houston, wadda mijinta ya rasu, ta rasa gidanta na kimanin dala 150,000 kan bashin da bai kai dala 1,000 ba. Surutun da ya biyo baya ya sa aka mayar mata, majalisar Tekzas kuma ta yi dokar kare masu gidaje a shekarar. Kalifoniya ta hana gwanjo sai bashin ya kai dala 1,800 ko ya haura wata 12, ta kuma ba mai gida damar ya biya yana mai rubuta cewa bai yarda ba, sannan ya nemi kuɗinsa a ƙaramar kotu. A biya, a ajiye rasit, a yi faɗan da takarda.

A gida Najeriya

Wanda ke zaune a rukunin gidaje masu get a Abuja ko Legas ya san ƙungiyar mazauna, da kuɗin tsaro da na shara da na dizal, da saƙon da ke faɗowa a WhatsApp cewa shugabanni sun yanke shawara. Tushen shari'ar dai ya bambanta. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin suna rajista ne da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, gyaran kundinsu kuma sai da ƙudurin mambobi da amincewar hukumar. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma a 2020 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta dogara da shi ta ce ba a tilasta wa mazaunin unguwar Gbagada zama ɗan ƙungiyar unguwa. Wanda kuma ya sa hannu a takardar sayen gida mai ɗauke da alƙawarin bin dokokin rukunin da biyan kuɗin hidima, wannan alƙawarin na nan a wuyansa.

Aikin aji

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya nemo kundin wata ƙungiya da yake ciki, ta unguwa ko ta kasuwa ko ta gama kai. Ya lalubo sakin layin da ya yi maganar gyara, ya kwafe shi da hannunsa, sannan ya rubuta a ƙasa kwana nawa ne sanarwa, mutum nawa ke sa taro ya zauna, da mafi ƙarancin mutanen da za su iya sauya kundin idan sauran ba su zo ba. Wanda sakatare ya ce masa babu kwafi, ya rubuta wasiƙar neman kwafin, ya sa kwanan wata, ya zo da ita aji.